Faifai Biyu Daga Akwatin Marigayi

Inna Nana Hauwa ba ta gani sosai, sai da wata maƙwabciya ta riƙo mata hannu har gaban teburin Sufeto Lawali a ofishin 'yan sanda na Bodinga.

"Yallaɓai, muryar ɗana anka sace."

Sufeto ya aje biro. Ya saba jin ƙarar satar raguna da ta buhunan albasa, amma wannan kam sabuwa ce.

Ɗan nata Abdulrazak mai ɗaukar hoto ne, ya rasu a haɗarin mota da bazara. Ya bar wata na'ura a ɗakinsa mai kamar ƙaramin akwati, a ciki ya tara hotunan gidan kaf da hirarrakinsa da uwarsa da ya naɗa. Kullum da hantsi matarsa Halima kan kunna wa tsohuwar ta waya. Da damina tsawa ta ƙone bod ɗin na'urar, wato babban allon cikinta. Tasi'u mai gyara ya sa sabo, tun ranar akwati ya ƙi tashi. Shi Inna take tuhuma.

A shagon Tasi'u Sufeto ya sa aka kunna akwatin. Fanka ta juya, fitila ta kama, sai wani rubutu ya tsaya a allo ƙiƙam.

"Mi yake cewa?"

"Wai bai ga kayanshi ba, Yallaɓai. Na canza waya, na canza batir, na shiga saiti na gyara. Banza."

"Ka buɗe wurin faifan ajiya?"

"Wallahi ban taɓa ba."

Sufeto ya haska da fitilar wayarsa. Faifai huɗu ne a jere. Biyu da ɗigon jan fenti a goshi, biyu babu, kuma sukurorinsu duk a kwance.

"Tasi'u, rantsuwa ba wasa ba ce."

Gumi ya karyo wa mai gyara. Ya ce e, ya buɗe. Jan fentin alamar marigayi ce. Biyun nan marasa fenti matattu ne, irin na bola, wani ya cusa su don kada a ga gurbi. Tsoro ya hana shi faɗi, don ya san shi za a fara kamawa.

"To a ciro abin da ke cikin biyun da sunka rage mana."

"Ba haka yake aiki ba. Kowane hoto, kowace murya, an yayyanka ta an raba cikin huɗun. In ɗaya ya ɓata, ukun na iya rufawa. In biyu ne, sai dai a nemo su."

A gidan marigayi Halima tana takaba, don haka ta bayan labule ta amsa tambayoyi.

"Wa ya shiga ɗakin bayan tsawar?"

"Ba kowa."

"Makulli na hannun wa?"

"Hannuna."

"Ke da ba ki fita, wa ya kai akwatin shago?"

Sufeto ya maimaita tambayar a hankali.

"Yaya Haruna," ta ce daga baya. "Wan marigayi. Shi yac ce in ba shi makulli, kuma kar in hwaɗa ma Inna ya kwana da akwatin a Shagari."

Haruna yana da rumfa a Shagari inda yake tura wa mutane fina-finai a waya. Sufeto ya zo da Tasi'u, suka same shi da samari sun yi layi.

"Akwatin ƙanenka ya kwana nan?"

"A'a. Daga gida sai shago."

Sufeto ya leƙa ƙarƙashin tebur. Ga faifai biyu jone da kwamfuta, an kankare goshinsu da reza, amma jan fenti ya maƙale a gefe.

Haruna ya kori samarin, ya zauna a benci.

"Yallaɓai, ni ba sata niy yi ba. Gado ne. Marigayi bai bar ɗa ba, ina da rabo. Nig ga huɗu ne, nic ce in ɗauki biyu in bar ma Inna da Halima biyu. In buhu huɗu anka bari, ai haka za a yi."

"Wane malami ya raba maku?"

"Ba a kai ga rabo ba tukuna."

"Mi kay yi da abin da ke ciki?"

"Na goge. Na zuba fina-finai." Ya ɗago kai da sauri. "Amma ai nasu biyun na nan, muryar na ciki!"

Tasi'u ya buɗe faifan biyu a kwamfutar, ya daɗe yana bincike. Fina-finai sun cika su maƙil, sun hau kan komai. Ya girgiza kai. Sai a lokacin Haruna ya gane abin da ya yi, ya dafe kai yana salati. Kai, wauta ma dai bala'i ce! Sufeto ya so ya ji haushinsa, sai ya ji tausayi ne kawai ya kama shi.

Da suka koma ofis tare da Haruna, Inna tana zaune inda aka bar ta. Sufeto ya durƙusa gabanta ya faɗa mata komai, bai rage ba.

"Ko gaisuwa guda ba ta saura ba?"

"Babu, Inna."

"A kai shi Sakkwato, ko Kano."

"Ko ina anka kai shi, Inna, babu," in ji Tasi'u.

Haruna ya rarrafo ya kama ƙafarta. "Inna, ki yahe mani. Ni ne."

Ba ta janye ƙafar ba. Wani kofur ya ɗaga shi zai wuce da shi ciki a rubuta bayaninsa. Ta bi ƙarar takalmansu da kunne har bakin ƙofa.

"Yallaɓai, in kun gama da shi ku maido mani. Shi kaɗai ya rage da zai kira ni Inna in ji."

Sufeto ya ce to. Kofur ya ja ƙofar ya rufe.