Muryar Inna Laure a Kasuwar Maigatari

A tashar Gagarawa Anas ya fara ganin Muhsina, tana faɗa da ɗan kamasho don ya dire mata buhun riɗi a ƙafa. Ya tsoma baki, ta harare shi. Aure da yawa da harara yake farawa, wani ma da ita yake ƙarewa.

Aikin Anas ɗaukar muryoyi ne. Wani kamfanin waje yana koya wa na'urarsa Hausa, yana gaggawa kada na wata ƙasa ya riga shi. Manyan ƙasashe sun gano cewa wanda na'urarsa ta fara iya harshen mutane shi zai mallaki kunnensu. Anas dai abin da ya sani, ana son murya dubu kafin wata ya ƙare.

"Tauraruwata, yau na ɗauki murya arba'in, babu mai daɗin taki," ya rubuta wa Muhsina bayan sun saba.

"Daɗin baki! Ka dai ci abinci?"

Ran da ya je zance garinsu, Ɗanzomo, daga zaure ya jiyo mahaifiyarta, Inna Laure, tana yi wa jikoki tatsuniya. Ya miƙa wa Muhsina wayarsa.

"Ɗauko mini muryarta, in riƙa saurare idan na yi kewar gidanku."

Ta ɗauko tana murmushi. Shi kuwa ya aika wa kamfani, ya dangwala yatsansa a takardar amincewa a madadin tsohuwar.

Bayan wata huɗu, mahaifin Muhsina, Malam Baffa, yana kara, kasuwar shanu, a Maigatari ya ji wani dillali yana tambayar wayarsa yadda ake maganin bajimi mai zawo. Wayar ta amsa da muryar matarsa, macen da shekara talatin baƙon namiji bai ji ko tarinta ba.

"Hajiya, kina da miji?" in ji dillalin, abokansa na ƙyaƙyatawa.

"Ba ni da shi," in ji wayar cikin ladabi.

Washegari aka mayar wa iyayen Anas kayansu na neman aure har Gumel. Habibullah mai shagon taki ya fara aiko da gaisuwa, yana neman Muhsina. Saƙon Muhsina layi ɗaya ne: "Da hannuna na riƙe wayar, Anas. Da hannuna."

Ya rubuta wa kamfanin sau bakwai. Suka amsa cewa sun goge muryar a wajensu, amma ta riga ta wuce hannun wasu, kuma suna godiya da haɗin kai.

Ya je ya durƙusa a zauren Malam Baffa, ya faɗi komai har batun yatsa.

"Ni aka yi wa dariya," in ji Malam Baffa, "amma ba muryata ka sata ba. Mai abin tana ciki."

Aka jima. Muhsina ta fito, idonta a ƙasa.

"Inna ta ce Habibullah bai taɓa yin laifin da ya zo ya faɗa da bakinsa ba, ba ta san irinsa ba. Ta ce ta ba ka ni. Amma ita da kai magana ta ƙare, sai dai aike."

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Da ango ya shiga gaida surukarsa, ta ɗaga hannuwa, leɓɓanta suna motsi ba sauti.

"Me ta ce?" ya raɗa wa Muhsina.

"Allah ya yi mana albarka, ya ba mu 'ya'ya masu tambaya kafin su ɗauka."

Anas ya ce amin, kansa a sunkuye.