Inabin Marigayi

"Wa ya taɓa mini lambu?!"

Auta ta saki fartanya. Hajiya, mai gidan da iyayenta ke haya, tana tsaye a ƙofar lambun, dawowarta daga asibiti ke nan. A bayanta ga ɗanta Dogo, wanda ya daɗe yana roƙon a bar shi ya auri Auta, uwar kuwa ta kafe cewa ɗanta ya fi ƙarfin 'yar haya.

"Ni ce, Hajiya... gyarawa na yi..."

Hajiya ta ƙura wa wani rami ido a jikin katanga.

"Ina inabin Alhaji?"

"Busasshen icen nan? Na tone shi... yana kan bola."



Tun rasuwar mijinta Alhaji, Hajiya ta kulle lambun nan, ba ta shiga, ba a shiga, ciyawa ta ci karenta babu babbaka. Auta ba ta san dalili ba. Da safe ne 'Yar Gayu, 'yar ƙanwar Hajiya wadda ita ma ta ƙyalla ido a kan Dogo, ta miƙo mata makulli tana murmushi: "Ga sanyi ya wuce, Inna na neman mai gyara mata lambu. Ki yi, ki ga yadda za ta so ki." Ita kuwa baiwar Allah ta haɗiye zancen har da ƙugiya.

"Mama, ba ta sani ba ne..." in ji Dogo.

"Rufe mini baki! Wadda ba ta bambance rayayye da matacce, ita za ta riƙe maka gida?"

Ta shige ɗaki ta banko ƙofa.

Hawaye suka ɓalle wa Auta. Ta zo neman kiɓa ta samo rama, kuma ta san yau auren ya sha ruwa.

"Haba zuciyata, daina kuka! Gaya mata wanda ya ba ki makullin," in ji Dogo.

"Hannuna ne ya tone shi, Yaya."

"To ni zan faɗa..."

"Kada ka faɗa. Taya ni ɗauko shi kawai."

Suka kinkimo icen daga bola, saiwarsa da sauran danshi. Auta ta durƙusa ta cusa shi a ramin a karkace, ta sheƙa masa ruwa bokiti guda, ta hau tattake ƙasar da ƙafa tana sheshsheƙa. Gaskiya dai ko makiyin inabi ba zai yi masa irin wannan dashen ba.

Taga ta buɗe da ƙarfi.

"Ke! Ƙarasa shi za ki yi?"

Kafin su ankara Hajiya ta fito tana ɗingishi. Ta ɗan tsaya a bakin ƙofar lambun, ta ja numfashi, sannan ta shigo. Ta ture Auta gefe, ta miƙar da icen, ta sa farce ta kankare ɓawonsa.

Kore shar!

"Barci yake yi, sakarya," ta ce. "Duk sanyi haka yake yi. Ni ma shekarar farko sai da na ce wa Alhaji ya mutu, ya yi ta yi mini dariya."

Ta goge ido da gefen mayafi, ta waiga. Ga kunyoyi an gyara tsaf, ga ƙasa baƙa tana ƙamshi, ga na'ana'a ta leƙo daga inda ciyawa ta danne ta. Hannun yarinyar kuwa duk ya yi bororo.

"Ki yafe mini, Hajiya... zai tashi?"

"Wa ya ba ki makulli?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Bar shi. Mutum ɗaya ce ke shiga ɗakina, inda nake ajiye shi." Ta karkaɗe hannu. "Inabin da aka tayar, sai an shekara ana lallaɓa shi, ni kuwa gwiwa ta ƙi. Ke kika ji masa ciwo, ke za ki yi jinya."

"Zan yi, wallahi zan yi!"

"Kai kuma Dogo, da ka tsaya kana washe baki, je ka gaya wa kawunnanka su sami mahaifinta. Ba zan riƙa aikawa sashen haya ana kira mini mai ban ruwa ba."

Auta ta rufe fuska da hannuwa masu taɓo, kuka da dariya suka haɗe mata.

"Hajiya..."

"Mama za ki ce. Kuma ɗauke ƙafarki daga kan saiwar!"