Kututturen Rumfar Mahauta

Gab da magariba na tafi ɗauko kifina. Habibu direba ya ce da asuba zai wuce Maradi, wanda bai loda kaya da yamma ba shi ya sani. Kwando shida ne na kifin banda, su ne duk jarina tun rasuwar maigidana.

A tsohuwar rumfar mahauta nake ajiya, can bayan kasuwar Madarumfa. An ce tun kakannin kakanni nan ake fawa. Da mahauta suka tashi, wani Nasara ya ajiye gishiri a ciki, gishirin ya narke. Aka mai da ita sito na gyaɗa, gyaɗar ta ruɓe. Wani ya kafa injin niƙa, bai yi damina biyu ba. Kututturen sara na tsakiya dai yana nan, ba wanda ya taɓa gusar da shi.

Ranar da na karɓi mabuɗi, Ɗan Baba, tsohon mahauci, ya ja ni gefe. Ya ce duk abin da aka shigar, a ɗora ɗan kaɗan bisa kututture, gyaran masu wuri ne, haka iyayensu ke yi. Na ce masa ni Hajara ba na ba mai rai gyara sai ya yi gumi, balle wanda ban gani.

Yammacin nan da na isa, na tura ƙofa. Ba ƙamshin hayaƙi. Ƙarnin jini ne, sabo, mai ɗumi.

Daga tafki kwaɗi na ta kuka. Sai suka yi tsit.

Na ji ana wasa wuƙa. A hankali, ana yi ana tsayawa.

Na kai hannu ga kwando na farko. Ƙasa ta jiƙe ƙarƙashin takalmina, tana danƙo.

Wani na zaune bayan kututturen. Dogo ne, kansa na taɓa azara, da walki na fata. Ban ga fuska ba.

"Uwar gida," ya ce ƙasa-ƙasa, "gyaranmu."

Bakina ya riga hankalina. Na ce kifi ɗaya, ƙarami, shi ma don Allah.

"Albarka."

Na ce biyu.

Hannuna na dama ya tashi da kansa. Ya kwanta bisa kututture, yatsu a buɗe. Itacen sanyi ƙalau. Na ja, ya ƙi.

Wuƙa ta hau sama.

Na lalubi kwando da hagu, na jawo shi gaba ɗaya, na kife a kan itacen.

"Na sallama," ya ce.

Ladan ya ɗaga murya. Hannuna ya saku. Ban san yadda na kai bakin titi ba, takalmi ɗaya.

Da asuba na roƙi Habibu, ya loda kwando biyar. Na shidan babu ko ƙaya, an jingine shi a bango, an ma kakkaɓe shi.

Ƙaramin yatsana har yau ba ya jin zafi, ba ya jin sanyi.

Ban bar rumfar ba, ina zan sami irinta? Duk shigar kaya ina ɗora nasu. Sau ɗaya na gwada ɗora ƙarami. Washegari na tarar da shi a bakin ƙofa, an yanka shi gida biyar, jere kamar yatsu.

Yanzu babban nake zaɓa musu. Matan kasuwa kuwa har gobe sai sun yi gumi.