Keken Ɗinkin Mama

Ku gafarce ni da karambanin rubutu. Ni karatu kawai na iya, wannan ne na farko.

A situdiyo wani injiniyan sauti ya fara ganin Yayata, ranar da ta je karanta talla. Yana ɗaga kai daga kwamfuta ya manta da danna maɓallin ɗauka.

Da ya zo neman aurenta, Baba kuwa ya ƙi. "Mai gyara muryar mutane? Gobe ƙarya zai gyara miki."

Ɗan gwaggonmu, wanda ya daɗe yana son Yaya, ya yi wani murmushi. "Kawu, a ba shi kaset ɗin marigayiya mana, mu ga gwaninta."

Kaset ɗin nan kaɗai ya rage mana na muryar Mama, duk gurnani ya cinye ta.

"In ka ɓata min ita," in ji Baba, "kada ka sake tako ƙofar nan."

Injiniyan ya kwafe ta a kwamfuta. Manhajarsa takan raba sauti gida-gida, na ƙasa, na tsakiya, na sama, a matse kowanne daban. Ya danne na ƙasa har gurnanin ya mutu, ya ɗago na tsakiya. Murya ta fito tas.

Da aka kunna, Baba bai ko motsa ba.

"Wannan ba matata ba ce. Fita."

Yaya ta shige ɗaki tana rubuta saƙo, ina leƙe.

"Injiniyana, me ka cire?"

"Ƙarar wani inji ce kawai a ƙasa, Muryata."

"Wayyo! Keken ɗinkinta ne. Mama ba ta hira sai ƙafarta na kan keke."



Washegari muka ji sallama. Injiniyan ne, bai tako ƙofar ba, daga bakin taga ya ajiye sifika. Ashe ya saki sautin ƙasan da ya danne, ya bar matsi ɗan kaɗan: in Mama ta yi magana keken ya lafa, in ta numfasa ya dawo, kar-kar-kar.

Baba ya miƙe a hankali, fuska a murtuke. Yaya ta damƙe hannuna.

Ya dafa bango. "A nan ne take cizge zare da haƙori," ya ce. "Kai, shigo mana! A taga ake neman aure?"

Ranar ɗaurin aure Baba ya haɗa hannuwansu. "Allah Ya yi albarka. Kuma kada ka rage mata komai."

Ana ta amin da guɗa, kewar Mama ta taso min, na ɗauki takalmana a hannu, na sulale ta ƙofar baya.