Maƙeri Mai Hannu Ɗaya da Tsinken Alama

A wani gari can da, an yi wani maƙeri da ya rasa hannun hagu. Riƙe tsinke da guduma tare ya gagare shi, sai ya tafi kasuwa neman tsinken da ake dannawa ya yi wa ƙarfe alama da kansa.

Ya ɗauki mai ƙyalli. Mai kaya ya ce, "Baba, gwada shi tukuna."

Ya danna, tsinke ya buga. Ya danna, ya buga. Ya danna, shiru.

Mai kaya ya miƙo masa wani tsinken, mummuna. Sau ashirin yana dannawa, bai cije ba.

Maƙeri ya share hawayen murna, ya ce, "Ɗana, gobe zan hura wuta."