Jawabin Gwadabe a Gaban Komin Dabbobi

"Ni Gwadabe, ƙofata ba ta san sakata ba!" in ji mai gidan, yana kishingiɗe a tsakar gida yana sakace, ana gab da Kirsimeti. "Da ni ne a Baitalami ranar da Maryamu da Yusufu suka rasa masauki, ɗakina zan ba su, in kwana a gindin rumbu!"

Bai rufe baki ba aka yi sallama a zaure. Muryar Ubale ce, saurayin 'yarsa Kyauta. Sai ga mai buɗaɗɗiyar ƙofa ya zabura ya faɗa ɗaki, har da tuntuɓe da buta.

"Kyauta, ki ce ba na nan!"

"Baba, ai ya ji muryarka. Duk unguwa ta ji."

"To ki ce muryar ce ta rage a gida, ni na tafi Tudun Wada!"

Kyauta ta durƙusa a ƙofar ɗakin, hawaye na zuba. "Baba, don Allah mene ne laifinsa? Yana noma, yana gyaran babur a Kafin Maiyaki, ko warin burkutu bai sani ba. Manyansa sun yi ta sintiri har sun gaji."

"Laifinsa? Ɗan garke ne! Ni in haɗa jini da wanda aka yanke wa cibiya a tsakiyar maruƙa? Haba!"

Abin da ya faru kuwa, naƙuda ce ta kama uwar Ubale a hanyar dawowa daga kasuwa, matan Fulani suka janye ta cikin ruga, a nan ya faɗo duniya. Iyakar zunubin ke nan.

Inna, tsohuwar da ta haifi Gwadabe, tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Ta ce, "Share hawayenki, jikalle. Ubanki bakinsa ya fi ƙafarsa sauri, wata rana zai taka shi."

A bakin rijiya Ubale ya tare Kyauta, idonsa jawur. "Na gaji, Kyauta! In Kirsimetin nan ya wuce bai karɓi gaisuwarmu ba, kudu zan tafi, kuma ba dawowa. Ki zo mu tafi tare — Fasto na can zai ɗaura mana."

"Da gaske kake? In bi ka ba albarkar Baba? Ina son ka, Ubale, amma ba zan shiga gidanka ta katanga ba."

"To sai yaushe?"

Ta ɗauki tulunta ta tafi tana kuka.

A majami'ar ƙauyen, wasan haihuwar Mai Ceto ba da wasa ake yin sa ba. Dabbobi na gaske ake arowa daga ruga, a shimfiɗa harawa a komi, maƙwabta Musulmi ma sukan tsaya ta taga su sha kallo kafin rabon shinkafa. Bana Kyauta ce Maryamu. Da aka ce Ubale ne Yusufu, Gwadabe ya yi tsalle ya dire, dole aka mai da yaron makiyayi, aka miƙa masa igiyar rago. Shi kuwa Gwadabe ya ƙwace matsayin babban masani daga gabas, don kawai akwai rawani da alkyabba. Rihazal, wato gwajin wasan? Bai taɓa leƙawa ba.

"Ni za a koya wa magana? Ku dai ku ba ni makirfo!"

Duk maganarsa a wasan ba ta wuce "Mun zo mu yi masa sujada" ba. Amma ranar, da ya ji muryarsa na fita ta lasifika tana kaɗa kwanon rufi, wata mata kuma ta rangaɗa guɗa, sai kan ya kumbura. Ya zube gaban komin, ya ɗaga hannu sama.

"Jama'a, ku duba! Sarkin sarakuna a cikin harawa! Ba katifa, ba asibiti, sai warin dabbobi! Wa ya isa ya raina ɗan da aka haifa a garke? Duk wanda ya raina shi, to Allah ya raina! Ku ce amin!"

"Amin!" Majami'a ta ɗauka.

Inna ta dogara sandarta ta miƙe daga bencin zumuntar mata. "Gwadabe, maimaita mini, kunnen ya yi nauyi."

Don neman suna ya ƙara murya. "Na ce duk wanda ya raina ɗan garke, Allah ya raina, Inna!"

"Madalla. To waiwaya, ga wani nan a bayanka riƙe da rago."

Sai ragon ya ce baaa. Kyauta ta sunkuyar da kai cikin farin mayafinta. Ubale kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Inna ta juyo ga jama'a. "Ba wanda ya zaɓi inda za a haife shi, 'ya'yana. Hali shi ne asalin mutum. Yarinyar nan da ta so guduwa da ta gudu, amma ta zauna ta jira albarkar ubanta. Mai haƙuri irin wannan ba a mai da shi hannu wofi."

Fasto ya gyara tsayuwa yana danne dariya. "Baba Gwadabe, masanin gabas, jama'a na jiran ka."

Gumi ya jiƙa rawanin aro. Gwadabe ya dubi ƙofa, cike take da mutane. Ya dubi taga, maƙwabta ne sun zuba masa ido. Sai ya karkata wajen Inna ya yi raɗa, ya manta makirfo na manne da bakinsa.

"Inna, kin kashe ni! Na ba shi ita, na ba shi — amma don girman Allah kada kowa ya ji!"

Lasifikar da ke saman majami'a ta kai raɗar har ruga.