Inda Ruwan Mayanka Yake Fita

Ranar Talata ce da yamma, ruwan sama ya ɗauke amma gari bai washe ba. Ƙwallo ta tsallake katangar tsohuwar mayanka, Gola ya haura ya bi ta. Sana'arsa fenti, sai dai ba mai kiran sa da wani suna, don shi ke tsaron raga a filin da ke jikin katangar.

A ciki ya tarar da wata budurwa a tsugune, tana zura sanda cikin magudanar ruwa.

"Me ya faɗa miki, ƴan mata?"

"Ba komai. So nake in san ina ramin nan ya nufa." Ta ɗago ta dube shi. "Kai ne mai rubuta BA MA SO a bangonmu ko?"

"Bangonku?"

"Babana ne zai sake buɗe wurin. Hannunka da kyau, amma rubutun ya karkace."

Haka ya koma fili, ya manta ƙwallon.

Unguwar ta daɗe tana rigima kan buɗe mayankar. Mata na tsoron wari da ƙudaje, samari na cewa jini zai malalo musu fili. Babanta, tsohon mahauci, ya rantse magudanar wani rami take zuwa can baya. Gaskiyar ita ce ba wanda ya taɓa gani.

Ba a jima ba suka saba. Ta kan turo masa saƙo: "Golana, ka ci abinci, ko yau ma zanga-zanga ka ci?"

Shi kuma ya amsa: "Injiniyata, tunaninki ya ƙosar da ni."

Da zancen ya isa gida, babanta ya ce ba zai ba mai ɓata masa bango ƴa ba, ga direban motar nama yana ta zaryar neman aurenta. Mamar Gola, wadda ita ke gaban matan unguwa, ta ce, "Duk ƴan matan duniya ka rasa, sai ƴar mai kawo mana ƙuda?"

Wata safiya saƙonta ya shigo: "Ka zo da jar kala mai yawa. Mu tambayi ramin da kansa."

Suka dama bokiti guda suka tuttula a magudanar, suka bi da ruwa. Ba su tsaya tunanin abin da jan ruwa daga mayanka zai yi kama da shi ba.

Kafin hantsi, jan ruwan ya ɓullo ta gindin raga, ya gangara ƙofar gidaje. Nan take aka ce an fara yanka a ɓoye. Jama'a suka cika ƙofar gidan mahaucin, direba ya ja motarsa ya yi gaba.

Gola ya kutsa cikin taron ya ɗaga jajayen hannuwansa. "Kala ce, Baba. Ni na zuba."

"Mu muka zuba," in ji ta, ta nuna nata.

Tsohon ya bi jan ruwan da ƙafa, mutane na biye, har inda ƙananan yara ke wasan ƙasa. Nan ya tsaya ya ce, "Ashe nan yake fita. Na fasa buɗewa."

Gola ya ɗauka shi ke nan, ya rasa ta. Ya daina fita fili, har ranar da tsohon ya aiko kiran sa.

"Zuba kalar nan, shawarar wa ce?"

Gola ya sunkuyar da kai.

"Ba sai ka faɗa ba. Tana ƙarama ta kwance min rediyo, wai tana neman mutumin ciki. Turo manyanka. In ta kwance maka gida, kada ka kawo min ƙara."

Ranar ɗaurin aure mamarsa ta riƙe hannun amarya ta ce, "Allah ya yi muku albarka, ƴata, ya ba ku ƴaƴa masu tambaya irinki." Aka ce amin ana dariya.

Abin da aka rasa a rigimar bai da yawa: mayankar da ba a buɗe ba, ciyawar gaban raga, farar rigar Gola, da direba guda.